Kada Tabita Ta Kwana da Buhunan Wake

Ƙarfi, ranar Jumma'a.

Ɗana Ishaya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiyar ɗaure kaya? Ubangiji ya sa tashin nan da za ka yi zuwa Funtua ya zama na alheri. Ya tsare ka, ya tsare matarka Rahila, ya tsare jaririyarku Tabita, a kan hanya da kuma inda za ku sauka. Amin.

Za ka yi mamaki, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka amma ga takarda. Ka dai san bakina. In na buɗe shi, zagi ke riga hankali fitowa. Jiya a ƙofar gida na ce maka wawa a gaban matarka, ka kaɗe riga ka tafi. Gaban matarkan nan da na yi, kuskure ne, ka yafe mani. Amma kalmar ban janye ta ba tukuna. Karanta ka ƙare, sannan mu ga da wa ta fi dacewa, kai ko ni.

Tun ranar da muka rufe yayana Dauda, mahaifinka, na ɗauke ka ɗa, ko da yake shekarun da na ba ka ba su kai a ce mani tsoho ba. Ba ni da furfurar da zan yi maka wa'azi da ita. Abin da nake da shi kaburbura biyu ne ƙanana a Funtua, waɗanda yau in ka kai ni wurin ba zan iya nuna maka su ba, ciyawa ta cinye. Da su nake maka magana.

Ka samu aikin gyaran babura, ka kama ɗaki ɗaya a gidan haya, na ji daɗi. Sai ka ce za ka loda waken da ka noma bana ka tafi da shi, ka jibge a ɗakin, in farashi ya tashi wajen bazara ka sayar a can, babu dillali babu kuɗin mota. Kuma na ga gwangwanin ƙwayar gas da ka sayo a kasuwar Danja, wadda za ka tura cikin buhunan don kada ƙwari su huda. Da na yi magana ka ce, “Baba Ƙarami, ai kowa haka yake yi.” Gaskiya ka faɗa. Ni ma haka na yi.

Kana yaro lokacin, kana wajen kakarka, ba ka san komai ba sai cewa innarka Saratu, matata, ta yi ɓarin 'ya'ya biyu a birni. Ba ɓari ba ne. Haihuwarsu aka yi, lafiyayyu, da sunayensu. Na farkon sunansa Nuhu. Ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba yana raye, saboda ɗan fari ne, wai kunya. Yau ga shi na rubuta, kuma hannuna bai karye ba.

Na je Funtua ina ganin na fi kowa wayo a ƙauyenmu. Na samu aikin dako a kasuwar hatsi, na kama ɗaki. Ɗakin nan shi ne falo, shi ne kicin in ana ruwa, shi ne wurin kwana. Da kaka ta yi na kwaso wakena na jera buhunan daga ƙasa har kusa da kwano, suka zama kamar katanga ta biyu. Har ina alfahari, in baƙo ya shigo ya san mai ɗakin nan manomi ne ba ɗan ci-rani ba. Na naɗe ƙwayar a tsumma na tura a kowane buhu, yadda na ga ana yi. Sanyi ya fara, ga sauro, sai na toshe tagar da kwali. Tabarmar yaron tana ƙasa, jikin buhunan, don nan ne iska ba ta bugu.

Ɗakin ya ɗauki wani wari kamar na tafarnuwa da ta ruɓe. Muna da maƙwabciya a gidan, Musulma, matar wani tela, ana ce mata Maman Abba. Ta leƙo da safe ta ja da baya ta toshe hanci.

“Saratu, me kuka ajiye a ɗakin nan? Fito da yaron nan tsakar gida mana.”

Kafin Saratu ta buɗe baki na riga ta. Na ce, “Warin arziki ne, Hajiya. Wanda bai noma ba ba zai gane shi ba.”

Ta ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Baban Nuhu,” ta koma ɗakinta. Har yau in na tuna yadda ta saki labulen nan a hankali, nakan so in ciro harshena in jefa wa karnuka. To ga na farko, Ishaya. A birni ba ka da gwaggo ba ka da kawu. Maƙwabcinka shi ne danginka, ko masallaci yake zuwa ko coci. In matar da ta raini 'ya'ya biyar ta ce maka wani abu game da ɗiyarka, rufe bakinka ka buɗe kunnenka, ko da ka ga kamar shisshigi ne. Ka gaji bakina, na sani, jiya na ji shi. Ka koya mashi azumi.

Washegari muka tashi da ciwon kai ni da Saratu, ta yi amai, ni ma zuciyata na tashi. Muka ɗora wa awarar da muka saya a bakin titi. Yaron ya ƙi kama nono. Na dube shi ta gefen ido, na ga ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri-sauri kamar na ɗan tsako. Na gani, Ishaya. Ban ce ban gani ba. Amma ban ɗauke shi ba, ban sa kunnena a ƙirjinsa ba, domin mu a wurinmu namiji ba ya rungumar ɗan fari, sai a ce ba shi da kunya. Babu kowa a ɗakin sai ni da matata, amma kunyar ta biyo ni tun daga Ƙarfi ta zauna a bakin gado. Na sa takalmi na fita.

Na biya ta kemis na ce yaro ba ya numfashi daidai. Mai kemis ɗin bai ga yaron ba, bai tambayi watanninsa ba. Ya miƙo kwalba ya ce, “Mura ce, Oga, sanyi ya shigo. A ba shi wannan, a rufe ɗaki da kyau kada iska ta buge shi.” Na dawo da rana na ba da maganin, na nemo tsumma na toshe har 'yar kafar da ke ƙasan ƙofa. Da hannuna. Na koma kasuwa ina jin na yi abin da uba ke yi. Kafin la'asar aka aiko a kira ni.

Na lura da kai ranar sunan Tabita. An miƙo maka ita ka kau da kai kana murmushi, tsofaffi suka yaba, wai yaron nan akwai kunya. A nan gida babu laifi, akwai idanu ashirin a kanta. A Funtua ido huɗu ne kawai, naka da na uwarta, kuma uwarta yarinya ce, wannan ce haihuwarta ta fari. In ka rufe naka biyu da kunya saura biyu. Ɗauki ɗiyarka. Ka san yadda numfashinta yake in tana lafiya, ka san nauyinta a hannunka, ka san kalar kashinta, e, kashinta na ce, don ranar da abin ya canza ka gane tun da safe. In numfashi ya yi sauri, ko ta ƙi nono, ko jiki ya yi zafi, ko ta yi laushi kamar tsumma, ba kemis za ka ba, asibiti za ka. Mai kemis ɗan kasuwa ne. Ba na zaginsa, ni ma na sayar da wake mai ƙwari na rantse sabo ne. Amma mutumin da bai ga ɗiyarka ba ba shi da abin da zai faɗa maka a kanta.

Muka zo gida aka yi zaman makoki. Kowa ya ce wanda ya ba da shi ne ya karɓi abinsa. Na amsa da amin. Amma mata ba su tsaya nan ba. Gwaggo Kande, ƙanwar babanmu, wadda ka sani da goro a kumatu, ta ce yaro lafiyayye ba ya ƙin nono ya mutu rana ɗaya sai in nonon ne da dafi. Magana ta zaga gidaje. Saratu ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na yi shiru, har cikin raina na ji wani sauƙi, tunda an samu inda za a ajiye laifin kuma ba a ƙofata ba ne. Na koma Funtua na sayar da waken da riba mai kyau. Na sayi rediyo.

Da Saratu ta sake haihuwa, mace ce, ranar Talata, muka sa mata Talatu. Damina ce, kuma shekarar ban yi noma ba, babu buhu ko ɗaya a ɗakin. Gwaggo Kande ta zo Funtua yin wankan jego. Tun kafin yarinyar ta kama nono ta ce a dakata sai ta gwada. Ta tatsi dakashi, ruwan nonon farko mai kauri, a cikin ludayi, ta kamo kiyashi ta jefa. Muka tsaya muna kallo kamar masu jiran hukuncin alƙali. Kiyashin ya yi ta mutsu-mutsu ya kasa fita.

“Kun gani ko?” in ji Gwaggo. “Nonon da ya kashe kiyashi zai bar mutum?”

Ishaya, ni kaina in aka jefa ni cikin randar kunu mai kauri mutuwa zan yi, ba don kunun na da dafi ba. Amma wannan hankalin bai zo mani ba sai bayan shekaru. A ranar na gyaɗa kai. Ni mai bakin da ba ya raga wa direban tirela, ban iya ce wa tsohuwa ɗaya a'a ba.

Aka hana yarinyar nono, wai sai an yi wa uwar jiƙe-jiƙe ya wanke. Na sayo madarar gwangwani da fida. Da wane ruwa ake damawa? Da na rijiyar gidan. Rijiyar nan da masai taku kaɗan ne tsakaninsu, domin mai gidan ya cinye filin da ɗakuna, ko'ina ya ga sarari sai ya aza bulo. In aka yi ruwan sama kwatar unguwa ta cika ta shigo tsakar gida, ruwan rijiyar har kala yake canzawa. Na taɓa yi wa mai gidan magana ya ce, “In bai yi maku ba ku sayi na leda, ko ku tashi, akwai masu jira.” Mu manya cikinmu ya saba. Muka ɗauka abin da bai kayar da mu ba ba zai kayar da ita ba.

Saratu kuwa nono ya cika ya kumbura. Sai ta zaga bayan ɗaki ta tatse a ƙasa tana kuka, ɗiyarta na ciki tana tsotsar roba. Lokacin da Gwaggo ta yarda a ba ta, nonon ya ja baya, yarinyar ma ta saba da fida. Gudawa ta fara. Maɗigarta, wurin nan mai laushi a tsakar ka, ta loɓa ciki. Gwaggo ta ce ciwon maɗiga ne, ta kwaɓa magani ta liƙa mata a ka. Muka zauna muna jiran magani ya ɗago maɗiga, alhali ruwan jikinta ne ke ƙarewa ta ƙasa. Sai da ta daina kuka, ta buɗe baki babu murya, sannan na ce a tafi asibiti.

Nas ɗin da ta karɓe ta ta kankare abin da ke kanta ta dube ni.

“Sai yanzu? Ina kuke tun tana iya kuka?”

Na hau ta da faɗa. Na ce aikinki za ki yi ko tambaya? Na ce ku ma'aikatan gwamnati ba ku da mutunci. Ta ƙyale ni, tana ta neman jijiyar da za ta sa ƙarin ruwa, hannu, ƙafa, har ka. Ba ta samu ba. Na daɗe ina ba da labarin rashin mutuncin matar nan a majalisa. Ta yi mani tsawa, gaskiya ne, kuma akwai irinta da ke korar mata daga asibiti da baƙar magana, Ubangiji zai tambaye su. Amma tambayar da ta yi mani har yau ban amsa ba.

Don haka ji nan. Nonon Rahila ya ishi Tabita, shi kaɗai, ko ruwa ba ta buƙata har ta yi wata shida. Wannan ba ni na ƙago ba, a bangon kowane asibiti an liƙa, kuma na gwada a gidana. In lokacin kunu ya yi, ruwan da za a dama mata a tafasa shi, ko gawayin zai ci rabin abin da ka samu ranar. Ranar da ka sauka, kafin ka shimfiɗa katifa, je ka duba ina rijiya take ina masai yake. In gudawa ta kama ta, a ci gaba da ba ta nono, ku kama hanyar asibiti tun tana da ƙarfin yi maku ihu. In nas ta zage ka, haɗiye. Zagi bai taɓa kashe uban kowa ba. Ranar riga-kafi kuma, ko injin gwamna aka kawo maka gyara, ajiye sifana ka kai su.

Yadda na gane abin da ya kashe Nuhu, ba wani malami ya zaunar da ni ba. Bayan Talatu na koma dako a siton wani Alhaji mai sayen hatsi. Wata rana muka gama jera buhuna, ya sa aka zuba ƙwayar nan, irin tawa sak. Sai na ga ya kore mu waje da sauri, ya sa aka liƙe ƙofa da tagogi, ya ce ko maigadi kada ya kwana a jikin bangon. Na ce, “Alhaji, duk wannan don ƙwari?” Ya ce, “Kai, wannan abin ba ya tambayar ko kai ƙwaro ne.” Da aka buɗe bayan kwanaki, warin nan ya fito ya tarye ni a bakin ƙofa. Na san shi. Muka share ɓeraye da ƙadangaru, har da wata mage, duk a ƙasa, jikin buhuna, inda iskar ke kwanciya. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsu.

Na ɗauki gwangwanin da babu komai na kai gida. Ka san a aji huɗu na bar makaranta, karatuna na littafin coci ne da jaridun da ake naɗe ƙosai. Na sayi ɗan ƙamus a tasha na zauna da rubutun jikin gwangwanin nan kalma-kalma. Duk an rubuta. Kada a yi amfani da shi inda mutane ke kwana. Har da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu, wanda ni a da na ɗauka tambarin kamfani ne. An rubuta da Turanci da ƙananan baƙaƙe, ana sayar wa mutanen da ba sa karanta ko Hausa, ƙwaya ɗaya-ɗaya a leda kamar alewa, kuma babu hukumar da ta taɓa zuwa ta tambaya. In na fara wannan zancen takardar ba za ta ishe ni ba. Tun daga ranar duk abin da ke da rubutu sai na karanta shi, ko buhun taki ne.

Na samu Saratu tana tsintar shinkafa na faɗa mata. Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Sake faɗa.” Na sake. Ta ajiye farantin a hankali ta ce, “Ashe duk shekarun nan ƙyamar jikina nake yi a banza.” Na jira ta zage ni, da ta zage ni da na ji sanyi. Abin da ta ce kawai, “Ka je ka faɗa wa Gwaggo.”

Na je. Gwaggo ta saurara ta tofar da goro ta ce, “Ɗan zamani ya karanta gwangwani ya fi kakanninsa sani.” Na yi mata abin da na saba, na ɗaga murya har maƙwabta suka fito. Ta rasu ba mu shirya ba, kuma ta rasu tana cewa nonon ne. Nan ma kuskure ne. Ba mugunta ta yi ba, abin da aka koya mata ta yi, ta bar gonarta da damina ta zo ta dafa wa matata ruwan wanka. Da na tsaya a ranar ludayin nan na ce, “Gwaggo, na ji, amma a bar yarinyar ta sha,” cikin ladabi, da ƙila ta yi fushi na sati ɗaya ta huce. Na yi shiru ranar da magana ke da amfani, na yi ihu ranar da ba ta da shi. Kai ka juya abin. In tsofaffi suka zo maku da jiƙo, ko a cire mata beli, ko a shafa wani abu a ka, ka durƙusa ka gaishe su, ka ba su kuɗin mota, ka ce a'a. Kai za ka faɗa, ba Rahila ba. Ita suruka ce, bakinta a ɗaure yake. In ka bar ta ita kaɗai da su, ka sayar da ita.

'Ya'yanmu Markus da Jummai da kake gani, nonon nan da aka ce yana da dafi suka sha, tun daga dakashi. Markus ɗin da ke cinye tuwon mutum biyu ya leƙa tukunya.

Na daɗe ina tunani, me ya sa muke gudu birni don asibiti na kusa, amma jarirai na mutuwa a can kamar ba a kusa da komai? A ganina birni ba da wuƙa ɗaya yake yanka ba. Mu ne muke kwaso zaman ƙauye gaba ɗaya mu cusa shi a ɗaki ɗaya. A nan rumbu na can gefe, masai na bayan gida nesa, murhu na tsakar gida, iska na ratsa ko'ina. A can duk suna taruwa a kan tabarmar jariri: buhu, kaskon gawayi, maganin sauro mai hayaƙi, janaretan maƙwabci a gindin taga. Kai kuma bakanike ne, na san za ka so ka shigar da babur ɗin mutane ɗaki saboda ɓarayi, da jarkar fetur. Kai babba ka tashi da ciwon kai ka sha magani ka wuce. Ita huhunta bai kai tafin hannunka ba. Ba ta iya cewa ɗakin nan wari yake, ba ta iya tashi ta fita. Inda kuka ajiye ta nan take.

Kuma in abin ya faru, mu yi jana'iza da sauri mu ce kwana ya ƙare. Na yarda rai a hannun Ubangiji yake, ban fita daga bangaskiya ba. Amma ban ga wanda ke barin masararsa babu taki ya ce in Ubangiji ya nufa za ta yi ba. A gona mun san dalili, mun san wace tsutsa ce, mun san wane feshi. Sai a kan 'ya'yanmu ne muke zama salihai marasa tambaya. A gidan hayar nan da na zauna, ɗakuna kaɗan ne ba su fitar da ƙaramar gawa ba, kuma ban taɓa jin an zauna an ce me ya kashe wannan ba. Da wani ya yi tambayar a kan Nuhu, da Talatu na nan, da yanzu ta isa ta goya maka Tabita.

Masu mulki suna da nasu kason, kwatar da ba a haƙa ba, famfon da ba ya kawo ruwa, asibitin da za a rubuta maka magani ka fita nema. Zan ci gaba da zaginsu har in mutu. Amma ba su ne za su loda buhu a a-kori-kura ranar Litinin ba. Kai ne.

Ga abin da na yi. Na kwashe tarkacen da ke ɗakin ajiyata na bayan gida, wanda babu mai kwana kusa da shi. Na sayo buhunan nan masu leda a ciki, waɗanda in an ɗaure da kyau ƙwari ke mutuwa da kansu ba sai an sa komai ba. Gobe in ka yarda, ni da kai mu juye waken. In farashi ya tashi ka aiko, ni zan ɗora maka a mota, kuma ko tiya ɗaya ta ɓace ka kira ni ɓarawo a gaban coci. In ma ɓera ya ci rabi, wake ne. Baɗi ka sake shukawa.

Saura abu ɗaya, kuma ban so faɗa ba sai da innarka ta ce in faɗa. Bayan ka fita jiya, Rahila ta shigo wajenta da yarinyar a baya, ta tambaya me ya sa Baba Ƙarami ya hau haka a kan buhu. Saratu ta gaya mata komai.  Sai Rahila ta ce, “Inna, ni ba zan iya ce mashi kada ya kai ba, wahalarsa ce ta shekara. Amma in ya kai, a tsakar gida zan riƙa kwana da ita.” Cikin sanyin nan, a gidan da ba ta san kowa ba. Ba za ta faɗa maka ba, tana ganin girmanka. Kada ka je ka tuhume ta, ba ƙararka ta kai ba. Amma ka sani ta riga ta zaɓa, kuma daidai ta zaɓa. Kai kaɗai ka rage. Kada ka bari matarka ta fara zaman birni da koyon cewa sai ta kare ɗiyarta daga mijinta.

Ina gida gobe, ba zan je gona ba. In ka zo ba sai ka ce komai ba, ni ma zan yi ƙoƙari in yi shiru, ka san wannan ba ƙaramin alkawari ba ne a wurina.

Ubangiji ya raka ku. Ya ba ku maƙwabta na kirki da ruwa mai kyau, ya sa albarka a hannunka, ya ba Rahila lafiyar shayarwa. Ya raya Tabita, ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta yi baki ta rama mani duk abin da ka yi mani. Ya dawo mana da ku ukun nan cif, in kun ƙaru mun gode. Innarka na gaishe ku, Markus da Jummai ma haka.

Ni ne babanka ƙarami,
Bitrus.